Shekarar da Muka Nome Gonar Baba Tankari

Ran wata Laraba ce, cikin watan takwas na manoma, a damina ta biyu bayan Nijar ta sami 'yancin kanta. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, ƙasa ta yi laushin nan da manomi yake roƙo. Na biyo mahaifina, Arzika, da gorar fura a hannu da 'yar hauyata a kafaɗa, ina tsammanin gonarmu ta jigawa za mu kamar kullum, sai na ga ya saki hanya ya gangara fadama. Muka ratsa cikin sabara, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu, har muka iso bakin gonar yayansa, Baba Tankari, inda wani tsohon gawo yake tsaye a kan iyaka, ya kaɗe ganyensa kamar yadda yakan yi da damina. Gonar nan ita ce duk ƙauyenmu ake misali da ita, amma ran nan sai ka sunkuya ka buɗa ciyawa kafin ka ga hatsi. Ƙarangiya da burburwa sun rufe shi, ganyensa ya soma rawaya, ya yi siriri kamar tsintsiya. Baba, wato mahaifina, ya tsaya yana kallo. Ya sauke hauyarsa, har ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya mayar da ita. Ya kira sunana ya ce, "Bawa, mu koma gari. Sai mun roƙi izini tukuna." Na ji maganar kamar an mare ni, don mutumin da za mu roƙa shi ne ya kore mu daga gidan kakanmu.

Ƙauyenmu ƙarami ne, yana tsakanin Matankari da Dogon Dutsi, kuma a cikin babban gidan kakana aka haife ni. Gida ne mai shinge na kara, da ɗakuna zagaye, da rumbuna a bayansu a kan duwatsu. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, gandu ɗaya ake nomawa, wato gonar nan ta fadama. Da kakana ya rasu, Baba Tankari ya zama babban gida, kuma a wuyansa alkawarin tabki ya faɗa. Da damina da kaka duk gari daga tabkin nan ake sha, saboda rijiyar da ke akwai tana can nesa, kusa da rugar Fulani. Mutanenmu sun riƙe cewa akwai doguwa, wato aljana, a tabkin, kuma gidanmu ne ke yanka mata baƙar akuya kowace shekara kafin shuka, kowane magidanci ya kawo nasa kason na hatsi. Ni da Namata, ɗan Baba Tankari, a bakin tabkin nan muka tashi. Nan muke gina shanun laka, mu yi langa har ƙafa ta gaji, mu harbi kurciya da danƙo, mu jefi aduwa, mu yi kokawa a yashi 'yan mata suna mana tafi. Ya girme ni kaɗan, kuma shi ya koya mini yadda ake ɗana tarkon ɓera a gindin rumbu.

Wata shekara mahaifina ya tafi cin rani ƙasar Gana, wadda muke ce wa Kurmi, ya yi dakon buhuna. A can ciwon ciki ya kwantar da shi har abokan tafiyarsa suka fid da rai suka bar shi. Wani ɗan dako ne, wanda ko harshensu ba ɗaya ba, ya ɗauke shi ya kai ɗakinsa, ya yi ta wanke shi da tufafinsa yana ba shi kunu a baki har ya tashi. Da Baba ya tambaye shi dalili, mutumin ya ce shi mai bin Yesu Almasihu ne. Baba ya dawo gida da ramammen jiki da sabon addini. Da lokacin akuyar tabki ya zo, ya je ya durƙusa gaban yayansa ya ce ba zai iya sa hannu ba. Bai zagi kowa ba, bai ce wa kowa ya bari ba, amma ya tsaya a kan bakansa. Yanzu da na girma na gane Baba Tankari tsoro ya ji, tsoron kada alkawarin da aka bar masa ya karye a hannunsa gari duka ya sha wuya. Ya tara dattijai, aka yanke cewa mu fita daga gida, kada ƙafarmu ta sake taka bakin tabki, kada kowa ya je mana gayya. Aka yanka wa Baba wata jigawa mai farin yashi can gabas, aka ce ita ce rabonsa.

Muka kafa ɗakuna biyu a bayan gari, ni da Baba da Inna da ƙanwata. Inna, wadda sunanta Tani, ita ta fi kowa shan wahalar korar. Kullum sai ta ɗauki tulu ta nufi rijiyar Fulani, ta dawo wuyanta ya sage, sannan ta kama daka. Ni ne nake bin ta da ɗan tulu, ina tsinto mata itace a hanya. A can ta yi ƙawance da matar wani Bafulatani mai suna Ja'e, suna musanyar nono da hatsi, kuma su ba su taɓa tambayarmu abin da ya raba mu da gari ba. Yara kuwa suka sa mini suna ɗan Nasara. In na doso wajen langa sai wasa ya watse, Namata ya kau da kai kamar bai san ni ba. Ran Lahadi mukan zauna gindin aduwar da ke ƙofar gidanmu mu yi addu'a mu huɗu, wani lokaci wani mai bishara ya zo daga Dogon Dutsi a kan keke ya karanta mana maganar Allah, don a cikinmu babu wanda ya iya karatu. Shi ne ya taɓa gaya wa Baba cewa yanzu mulki ya canja, in ya kai ƙara gaban sarki za a raba gonar fadama a ba shi kasonsa, tun da gadon uba ne. Inna ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Duk ranar da ta dawo daga jigawa da yashi a ido sai ta tuna masa, shi kuwa ya ce a bari tukuna.

Kurkunu ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Kowace damina yakan kwantar da mutum biyu ko uku, Baba ma yana da tabonsa a ƙwauri. Amma a shekarar da nake ba da labari ya shigo gari kamar an turo shi. Da farko ƙafa ta yi ƙaiƙayi da zafi, sai ta yi bororo ta fashe, sai ka ga kan wata farar tsutsa mai kama da zare ta leƙo. Mutum ba ya iya taka ƙasa, balle ya tura hauya. Kuma daidai lokacin noman farko ya zo, lokacin da rana ɗaya ke raba mai hatsi da mai ciyawa. Gida-gida ana kwance, waɗanda suka rage a tsaye kowa ta kansa yake yi, ba a ji gangar gayya ko sau ɗaya ba. Kurkunun ya kama Baba Tankari a idon sawu, Namata a ƙafa biyu. Gidanmu kaɗai ya tsallake. Da labari ya iso mana Inna tana tankaɗe, ta ce, "To, Allah ba ya barci." Ni ma na ji daɗin maganar, na maimaita ta da ƙarfi. Baba ya dube mu ya ce, "Wa ya aiko ku da wanga saƙo? Ni dai Allah bai gaya mini dalilinshi ba. Abin da ni gani, gonar yayana na mutuwa."

Abin da ya hana shi taka gonar a safiyar nan al'ada ce da kowane ɗan Arewa ya sani. Ba a shiga gonar wani da hauya sai da bakinsa. Wanda ya nome gona damina guda, gobe yana iya tsayawa gaban dattijai ya ce guminsa yana cikinta, balle a tsakanin 'yan'uwa masu gado ɗaya. Saboda haka muka juyo gari, muka shiga gidan da rabonmu da shi tun ranar kora. Baba Tankari yana kishingiɗe a inuwar rumbu, ƙafarsa a kan turmi, ƙudaje suna binta. Baba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe shi. Ba a amsa ba.

"Yaya, na taho in roƙe ka, ka bar ni in sa hauya ga gandu."

Baba Tankari ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka nome ta bana, baɗi ka tahi gaban sarki ka ce kai ka noma ta, ga shaidu. Na san wanga wayo, Arzika. Ƙahwata ta ka ciwo, ba kaina ba."

"Ba gona nika so ba, Yaya. Hatsin nika jin tausai."

"To ji tausan naka. Tashi ka ba ni wuri."

Muka fito. Na ɗauka magana ta ƙare, har na ji sanyi a raina. Amma Baba bai nufi gida ba, sai ya miƙe ƙofar maigari, inda dattijan da ke iya tafiya suke zaune gindin tsamiya. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa, ya roƙi a aika a ɗauko yayansa. Aka kawo Baba Tankari a kan jaki. Nan, gaban kowa, mahaifina ya ce, "Ku shaida, ni Arzika ba ni da ko taki guda cikin gonar fadama, ni da ɗiyana, yau da gobe. Ta yayana ce. Izini kawai nika roƙo in nome mishi ita." Ina tsaye a bayansa na ji ya ce da ɗiyana, na san da ni ake. Gonar da nake kwana ina mafarkin za mu koma, da gawonta da baƙar ƙasarta, ta fita hannuna ina kallo. Maigari ya tambaye shi har sau biyu ko ya san nauyin abin da ya faɗa, ya ce ya sani. Wani tsoho mai ba'a ya ce, "Kai Arzika, wanga addini naku na a ba da gona ne a kuma nome ta? In akwai sauran ƙarhi, ni ma tawa na nan yamma da gari." Aka fashe da dariya, Baba ma ya yi murmushi. Baba Tankari kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Shi ya sani," ya sa aka juya jakinsa.

Da Inna ta ji, ta ajiye taɓarya ta zauna a bakin turmi. Ta ce, "Ka ba da gona, ka ba da ƙarhinka. Mi ya rage? Ɗauki tukunyata ita ma ka kai mishi." Baba ya ce mata in hatsin nan ya mutu, matar yayansa da yaransa ba shari'a za su ci ba. Ya ce shi ranar da yake kwance cikin ƙazantarsa a Kurmi bai roƙi kowa ba aka yi masa jinƙai, kuma wanda ya yi masa bai tsaya tambayar ko ya cancanta ba. Inna ta ce, "Shi wancan mutum yana da ɗiya biyu da jigawa?" Baba ya san tana da gaskiyarta. Ran nan ba ta yi masa magana ba har aka kwanta. Amma da gari ya waye na tarar ta dama fura ta cika gora har baki, ta kuma fito da tata hauyar ta jingina a shinge.

Haka muka raba kanmu. Ƙarfin safiya, wanda shi ne ƙarfin manomi, muka ba gonar fadama, ni da Baba. Inna da ƙanwata suka kama jigawa, mu kuma mu tarar da su bayan azahar da abin da ya rage a hannunmu. Hauyarmu irin mai dogon ƙota ce da ake turawa a tsaye, kuma a yashi tana tafiya kamar cikin gari, amma ƙasar fadama mai nauyi ce, ciyawar ta riga ta kafa saiwa. Kowane turi sai ka ji shi a ƙirji. Ƙarangiya ta cika mini ƙwauri, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, Baba ya ɗaure mini shi da tsumma muka ci gaba. Shekarar nan ce ta farko da aka ba ni layi nawa, kuma na ƙudura a raina ba zan bari Baba ya juyo ya kama mini ba. In ya kai ƙarshe ya tsaya yana wasa bakin hauyarsa da dutse, ni kuwa ina can baya ina fama, sai na iso. Ba ya yaba mini, ba ya gaggauta ni. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Gonar wani munka shigo, a yi aikin da kyau." Masu wucewa sukan tsaya su yi kallo, wani ya ce sannunku da aiki, wani ya ce sannu bawan Tankari. Duka biyun Baba yakan amsa da murya ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki wani aiki ya ƙaru a kaina. Kurkunu ba a fizgo shi. Ana jiƙa ƙafar da ruwa, in ya leƙo a kama kansa a naɗa a ɗan tsinke, kullum a ƙara kaɗan, in ya ƙi a ɗaure tsinken a ƙafa a bari sai gobe. In ya tsinke a ciki, ƙafar takan kumbura ta ruɓe. Matar Baba Tankari, Inna Kulu, idonta ba ya gani sosai, kuma a hannunta na Namata ya tsinke, gwiwarsa ta haye kamar tulu, yana kwance yana kuka. Sai Baba ya ce mata yatsuna sirara ne, a bar ni in gwada na yayansa. Kowace rana in mun taso daga fadama sai in wanke hannu in durƙusa gaban mutumin da ya hana uwata ruwa, in ɗora ƙafarsa a cinyata. Wari yake yi, zuciyata kuma ba fara ba ce. Na gaya wa Baba haka a hanya, ya ce shi ma tasa ba kullum take fari ba, amma Ubangijinmu da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, har da wanda ya san zai ci amanarsa, saboda haka ba sai mun jira zuciya ta yarda ba sannan hannu ya yi aiki.

Baba Tankari ba ya mini magana, bango yake kallo. Ni kuwa ina murza tsinken a hankali, ina jin tsutsar a yatsuna, inda ta saki da inda ta riƙe. Wata rana ta ƙi motsi sam, na daɗe ina jira, sai na ji muryarsa a kaina. "In ka so ka tsinke shi, ai ba mai ganin laihinka." Na ce, "Baba ya ce in ya ƙiya in bar shi sai gobe." Ya yi tsaki mai kama da dariya ya ce, "Ɗan ubanka." Daga ranar na sa wa raina sai na fid da tsutsar nan ɗungum, ko za ta kai kaka. Ta ɗauki makonni. Ranar da wutsiyarta ta fito na ɗaga tsinken sama, tsawonta ya fi hannuna, Inna Kulu ta rangaɗa guɗa, Namata ya leƙo daga ɗaki ya kira sunana, karo na farko tun da aka kore mu.

Gonar fadama ta farfaɗo. Muka yi mata cira, muka yi maimai, hatsi ya yi baƙi ya rufe mutum. Jigawarmu kuwa noma ya iske ta a makare. Inna ta yi iyakar ƙarfinta, har wata rana Ja'e ya zo da 'ya'yansa samari ya ce mata, "Mu ba mu san hatsi ba, amma ciyawa mun san ta," suka tuge wani gefe da hannu suka kai wa maruƙansu. Duk da haka rabin gonar ya tafi, ƙuduji kuma ya ƙarasa wani sashe. Da kaka ta yi, mu ne muka yanke hatsin Baba Tankari, muka ɗaure dammuna, muka kai masa har gindin rumbu, yana dogara sanda yana nuna inda za a ajiye. Rumbunansa suka cika. Namu ko rabi bai kai ba. Bai ce an gode ba, bai aiko da ko zangarniya ba, Baba kuma bai nuna yana jira ba. Da muka rufe namu rumbun ya tara mu ya yi addu'ar godiya, ya sa sunan yayansa a ciki. Inna ta ce amin, amma a hankali ta faɗa.

Kafin bazara rumbunmu ya soma amsa kuwwa. Inna ta koma jiƙa anza tana zubar da ruwanta mai ɗaci, tana haɗa tuwo da ganyen da ta shanya, fura ta zama ruwa-ruwa. Ƙanwata ta daina wasa. Na taɓa jin Inna ta tambayi Baba, ba da faɗa ba, ta ce, "Arzika, ina albarkar take?" Ya ce bai san yadda Allah zai yi ba, amma ya san in an mayar da shi gindin tsamiyar nan abin da ya faɗa zai sake faɗa. Ya fara gyara takalmansa, da niyyar ya sake tafiya neman abinci ya bar mu, abin da Inna ta fi tsoro ke nan tun ciwonsa na Kurmi.

Ana cikin haka, wata safiya ina ba akuyarmu ruwa, sai ga Namata yana jan ƙafa. Gwiwarsa ta warke amma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Ya ce babansa yana kirana. Na tarar da Baba Tankari zaune gindin babban rumbu, an jingina tsani. A ƙasarmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta, baƙo kuma ba ya ganin cikinsa. Mai gida ne ke shiga, ko ɗan gida. Shi ƙafarsa ba ta hawa, Namata ma haka, kuma akwai 'ya'yan ƙannensa mata da maƙwabta da zai iya kira. Ya nuna mini tsanin da sanda ya ce, "Hau." Na hau, na ɗaga murfin, na dira ciki. Ƙamshin hatsin da na nome da hannuna ya cika mini hanci. Ya ɗaga murya daga waje ya ce, "Hiddo biyu." Na turo dami biyu. Da na sauko ya ce, "Guda na gidanga. Guda kai ma uwarka. Kuma gaya ma ubanka kada ya taho mini godiya, ƙahwata ba ta da ƙarhin korar shi."

Na ɗauko damin a ka, ya fi ƙarfina, amma ban sauke ba sai a tsakar gidanmu. Inna ta dube shi, ta share ido da bakin zane ta ce wa ƙanwata ta kawo turmi. Baba ya mayar da takalmansa ƙarƙashin gado. Tun daga ranar, duk lokacin da za a buɗe rumbun nan ni ake kira, kuma kullum biyu nake fiddowa, har sabon hatsi ya nuna. Baba Tankari bai taɓa kiran abin kyauta ba, bai mayar da mu cikin gida ba, bai kuma bar hanyar kakanninsa ba har ya mutu. Amma yara suka daina watsewa in na zo wasa, kuma da damina ta zagayo aka ji gangar gayya a jigawarmu, shi da kansa ya zo a kan jaki yana yi wa samari tsawa. Inna Kulu ta ce wa Inna ta dawo tabki, Inna ta ce ta saba da ruwan rijiya da hirar ƙawarta. Ranar da Baba Tankari ya rasu, mahaifina ne ya fara sa hannu a haƙar kabarinsa.

Sai da na yi aure na haifu ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyenmu da ƙyallen tace ruwa, suka bayyana mana cewa a ruwan tabki ake shan kurkunu, ya kwana a jiki shekara guda kafin ya fito. Ashe korar da aka yi mana ce ta raba mu da shi. Na je na gaya wa Baba, lokacin ya tsufa yana zaune gindin aduwa yana tufka igiya. Ya ce, "Ka gani? Da mun bi gari muna cewa Allah ya hukunta su, da mun yi ma Allah ƙarya." Ya ci gaba da tufkarsa.

Yau babu kurkunu a ƙasarmu, yarana ko a ido ba su san shi ba. Akwai famfo a tsakiyar gari, babura suna ta kai da kawo a hanyar da Inna take bi da tulu. Gangar gayya ta yi wuya, kowa ɗan ƙwadago yake nema, kuma na sha ganin wa da ƙane sun hau mota ɗaya zuwa Dogon Dutsi don su kai juna ƙara a kan iyakar da ba ta kai faɗin tabarma ba. A majami'a ma in an ce wane Allah ya yi masa albarka, gidan siminti ake nufi ko mota. Ba na musu da kowa. Ni dai in an ambaci albarka, mahaifina nake gani yana dawowa daga gonar da ba tasa ba, hannu duk kanta, yana waƙa ƙasa-ƙasa, ba ya jin nauyin haɗa ido da kowa a gari. Gonar fadama tana hannun 'ya'yan Namata, ni kuma har yanzu jigawa nake nomawa, shanun jikokin Ja'e suna kwana a cikinta da rani har yashinta ya fara duhu. Da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma in harafi ya ƙi mini ba na fizgarsa, nakan ajiye alli in bari sai gobe. Wani lokaci in na bi ta gindin gawon nan nakan tsaya in dubi hatsin, in ji ƙamshin cikin rumbu ya dawo mini. Gona ta tafi, amma gida bai tsinke ba.